Na Je Maraɗi Gyara Auren Nasiru

Tun da na dawo daga Maraɗi ba ni da sakat. In na fito daga masallaci, tambaya. In na zauna a bencinmu na gaban shagon Alhaji Sule mai taya, tambaya: "Malam Garba, yaya ƙasar Faransa?" Shi Sule a wurinsa duk abin da ya wuce Jibiya Faransa ne. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda na ba labarin sai na rage wani wuri na ƙara wani, har na fara zama gwarzo a ciki. To, kafin ƙaryar ta zauna da gindinta, gara in rubuta. Ku yi haƙuri da rubutun, aji huɗu na yi a firamare, sauran ilimin a bakin ƙofar ofis na tsince shi, shekara talatin ina masinja. Kuma in faɗa tun yanzu: wawa ɗaya ne a labarin nan, yana da furfura, kuma shi ne ke riƙe da biron.

Abin ya faro ne daga saƙon murya da ya shigo wayar mai ɗakina, Hajiya Ladi. Rabi ce, matar ƙanenta marigayi wanda fatauci ya zaunar a Maraɗi. Tana magana tana kuka. Ɗanta Nasiru ya shiga gambarar zamani, wadda yara ke kira hip-hop, ya yi wata waƙa a kan mata, waƙar ta cika gari. Yarinyar da yake nema shekara uku, Zainabu, ungozoma ce a asibiti, ta ce a mayar masa da kayan sa-rana. Uban yarinyar ya yi dattako, ya ce a ba su zuwa Juma'a, dangin yaro su turo babba a zauna.

Babba kuwa ai ni ne. Duk Tudun Wadan Zariya an san ni da ɗinke aure. Mace ta yi yaji, ni ake kira; in je in yi tari sau biyu, in ce "a yi haƙuri", a dawo da ita. Na sa aka goge mini babbar riga. Hajiya ta ce za ta bi ni. Na ce sha'anin maza ne. Ta ce ɗan ƙanenta ne. Na ce to, ta zo ta riƙe jaka.

Ranar Laraba da hantsi keke ya sauke mu a tashar Kwangila. Direban da muka samu Bakano ne, tun kafin mu tashi ya fara: "Baba Bazazzagi, za a je Katsina a ga kwalta ke nan?" Na ce masa mu muka koya wa Kanawa karatu, shi ya sa har yanzu bai zauna musu ba. A gidan gaba akwai wata 'yar kasuwa da ta biya kujera biyu ita kaɗai, tana ta ba da umarni a waya a sauke buhuna a wani shago. Na sunkuya na ce wa na kusa da ni, "Ka ji ta ko? In mace ta riƙe kuɗi sai ta zama rediyo." Muka yi dariya. Hajiya ta miƙo mini dambun da ta ƙullo. A Funtuwa na sauka na sha ruwa na manta hulata a kan benci. Sai da muka wuce Malumfashi na dafa kai na ji iska. Hajiya ta ciro hular daga jaka ta ɗora mini a cinya, tana kallon taga.

A Katsina muka sake mota zuwa Jibiya. Direban nan matashi ne, motar kuwa lasifikarta ta fi injinta lafiya. Ya kunna wani kiɗa da ke dukan ƙirji kamar ana sakwara a cikin but ɗin motar. Wani yana magana da sauri kamar wanda ake bi da sanda, amma amshin ya fito sarai:

"Mace waya ce, sabuwa ake yayi,
In ta fara zafi, ka sake layi."

Na ce, "Kai direba, kashe wannan shashancin!"

Ya ce, "Haba Baba, wannan ai Nasiru ne na Maraɗi. Ita ake yayi yanzu."

Na juya na dubi Hajiya. Ita kuma ƙafata take kallo. Ashe tun ɗazu ƙafar tana bin kiɗan ban sani ba. Na janye ta na ce sauro ne.

Wata ɗaliba da ke bayanmu ta ce, "Baba, ai ba ka ga komai ba sai ka ga hoton." Ta miƙo waya. Ga Nasiru, yaron da na sani da majina, ya jingina da wata farar mota, sarƙa a wuya kamar ragon layya da aka yi wa ado. Mata huɗu sun kewaye shi, ɗaya na yi masa fifita, ɗaya na goge motar, biyu na juyi. Amma ban ga fuskar ko ɗaya ba. Mai ɗaukar hoton kamar wuyansa ne ya sage, daga kafaɗa zuwa ƙasa kawai yake gani. Na yi salati da ƙarfi yadda kowa zai ji. Na kuma kalla har ƙarshe, saboda mai sulhu dole ya san abin da zai yi hukunci a kai.

A bakin iyaka na ce wa Hajiya ta tsaya baya, ni na san ofis. Na shiga da sallama, na ciro katin aikina na da, wanda ya buɗe mini ƙofofi shekara talatin, na ajiye a kan tebur. Ma'aikacin ya dubi hoton, ya ga gashi baƙi cunkus kamar kwando, ya dube ni.

"Tsoho, ɗanka ne ya ɓata?"

Na fara yi masa bayanin ko ni wane ne, har na jefa Turanci biyu. Ya amsa da Faransanci huɗu. Muna cikin haka sai ga hannun Hajiya ta gefen kafaɗata, riƙe da takardun tafiya guda biyu da katin rigakafi, nata da nawa. Ashe ranar da ta ja ni aka ɗauki hotona aka yi mini allura, na ɗauka na fansho ne. Aka buga hatimi. Da muka fito na ce mata, "Kin ga amfanin tafiya da wanda ya san aikin gwamnati." Ta ce, "Na gani, Malam."

Maraɗi gari ne na Hausawa, amma Hausar ta sha rana. Mu ce "e", su ce "awo". Acaɓa a can sunansa kabu-kabu, makaranta kuma lakwal. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya kusa tafiya da haƙorina na gaba, wanda dama zaman haƙuri yake yi. Shayi kuwa ba irin namu na kofi guda da madara ba ne. A ɗan ƙaramin gilashi ake ba ka, sau uku, na farko ɗaci kamar an jiƙa maɗaci, kuma in ka tashi kafin na uku ka yi rashin kunya. Da rana tsaka gari yakan mutu, kowa ya rufe shago ya kwanta, ba kamar Zariya ba inda mutum zai yi gyangyaɗi a zaune don kada a ce ya yi barci. Rabi ta sauke ni a ɗakin zaure, ta kawo tuwon gero da miyar kuka da fura mai sanyi. Tuwon ya fi namu na masara nauyi. Loma biyar na yi na ji kamar an ɗora mini bulo. Furar kuwa, in faɗi gaskiya ko da Zazzagawa za su ji haushi, ba mu kama ƙafarsu ba.

Bayan la'asar Nasiru ya shigo. Ya yi tsawo, ya rame, ya tura sarƙar cikin riga. Ya durƙusa har ƙasa. Na gyara zama na yi tarin nan nawa guda biyu.

"Kai Nasiru, uwarka waya ce?"

"A'a, Baba."

"Gwaggonka da ke ciki waya ce?"

"A'a, Baba. Wallahi waƙa ce kawai. Na yi wa uwa waƙa bara, ba wanda ya saurara. Na yi ta zaman lafiya, ko direbobi ba su sa ba. Wannan ce ta fita. In ba mata a hoto, ba mai buɗewa."

"Motar fa, ta wa ce?"

"Ta wani bakanike ce, Baba. Ba ta tashi. Turo ta muka yi."

Sai ya sunkuyar da kai, muryarsa ta sauya. Ya ce Zainabu ba ta ɗaukar wayarsa kwana goma sha ɗaya. Ya ce samari na rera mata amshin in ta fito daga asibiti, suna tambayarta ko ta fara zafi. Ya ce shi in ba ita ba, bai san yadda zai yi ba. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na ji tausayinsa ƙwarai, amma na daure na ci gaba da aikina. Na ce a zamaninmu waƙa tarbiyya ce, ba a taɓa jin mawaƙi ya ci mutuncin mace ba.

Daga tsakar gida muryar Hajiya ta taso: "A zamaninku ba kai ne ke bin 'yan gambara daga kasuwar Tudun Wada har Sabon Gari ba? Har yanzu in kana wanka kana rera ta bazawarar nan."

Na ce wa Nasiru ya rufe ƙofar, iska na shigowa.

Shawarar da ta kashe mu tawa ce, kada a ɗora wa kowa. Na ce tunda da waƙa ya ɓata, da waƙa zai gyara. Ya yi ta tuba, a kunna gaban iyayen yarinya. Nasiru ya yi tsalle ya ce, "Baba, kai za ka buɗe ta da nasiha! Muryar dattijo!" Na yi kamar ba na so har sau ɗaya.

Washegari da safe kabu-kabu biyu suka kai mu situdiyo. Na zaci zan ga gini kamar gidan rediyo. Ɗaki ne guda bayan shagon mai gyaran firji, an manne bangonsa da kwalayen ƙwai. Mai haɗa kiɗan, Isufu, yana zaune gaban kwamfuta da wani abu a kunne kamar faifai biyu. A gefe wata budurwa ce da lulluɓinta, tana karanta littafin makaranta. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce sunanta Mariya.

"Baba, ka gane ni? Ni ce ta biyu daga hagu. Mai fifita."

Na ce, "'Yata, yaya zan gane ki, ban ga fuskarki ba?"

Ta ce, "Awo. Uwata ma da zanena ta gane ni."

Ta ce karin waƙar ma ita ta fitar, amma ba sunanta ko'ina. Ta taɓa kawo nata baitocin, aka ce mata gambara ta maza ce, ta zaɓa ko amshi ko rawa. Na ce mata ta yi haƙuri. Kalmar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ta dube ni, ta koma kan littafinta.

Aka tsayar da ni gaban makirfo, aka ɗora mini faifan a kunne bisa hula. Isufu ya ce in yi magana daga zuciya. Ni kuwa zuciyata cike take, shekara da shekaru ina tara hikima a benci ba mai ɗauka. Na ce:

"Ya ku samari, ku daina zagin mata. Mace abar tausayi ce, ba ta da laifi, haka aka yi ta. Hankalinta ba ya kai naka, to don me za ka yi fushi da ita? In ta fara surutu, ka ɗauka rediyo ce, ka bar ta ta cinye batirinta. In za ka ɗaure ta, ka sa igiya mai tsawo, sai ta ga kamar sake take. Ka ba ta ci, ka ba ta sha, ka ji nata, ka yi naka."

Na yi kusan minti goma a kan wannan hanya. Mariya ta ja lulluɓi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Na ce a raina, nasiha ta shiga. Isufu kuwa ya cire abin kunnensa ya tafa. "Tsoho, ina ka shiga tuntuni? Kai ne asali!"

Nasiru ya ce, "Ai na gaya maka. Duk hutun da nake zuwa Tudun Wada a gefen bencinsu nake zama. Ta wayar nan ma daga bakinsa na ji, shi da keke ya kwatanta mace, wai in ta fara ƙara a sake sabuwa. Ni dai na mai da ita waya."

Ku ji fa. Yaro ya faɗi wannan a gabana da rana tsaka, ni kuwa na shafa gemu na ce, "Allah ya yi maka albarka." Yabo na ɗauka.

Da muka koma gida Hajiya ta ce a kunna mata ta ji kafin a kai gidan mutane. Rabi ma ta sa baki. Nasiru har ya ciro waya. Na ɗaga hannu na ce a'a, abin da maza suka gama ba ya bukatar gyaran mata, gobe kowa zai ji. Hajiya ta dube ni, ta ce, "Allah ya kai mu."

Ranar Juma'a bayan an sauko muka tafi gidan Alhaji Mamman, uban Zainabu. An shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya. Wani abu da ya bambanta da namu, ko kuma gidan ne haka: ba a bar yarinyar a ɗaki ana yanke mata hukunci ba, uban ya kira ta ta zauna kusa da uwarta. Doguwa ce, ba ta da yawan motsi, da ganin hannuwanta ka san sun saba aiki. Da Nasiru ya gaishe ta, ta amsa a hankali, har na ga gefen bakinta ya ɗan saki. Rabi ta raɗa wa Hajiya cewa jiya yarinyar ta tambaya ko yana cin abinci. Wato aure yana nan da ransa. Da na yi tarina biyu na ce a yi haƙuri na rufe baki, da yanzu ana ɗinkin anko.

Amma na miƙe na yi jawabi. Na ce yaro ya tuba, kuma mun zo da shaida. Nasiru ya ajiye 'yar lasifika a tsakiyar tabarma ya danna.

Kiɗan nan mai dukan ƙirji ya fara. Sai ga muryata. Jama'a, ban taɓa jin kaina daga waje ba. Isufu ya yanke "ku daina zagin mata" don wai ta yi tsawo, bai bar komai ba sai tsokar. Ya jera maganganuna a kan ganga, ya sa suna maimaita kansu: "Rediyo ce, rediyo ce, bar ta ta cinye batirinta! Igiya mai tsawo, igiya mai tsawo! Ka ji nata, ka yi naka!" Har tarina ya sa a ciki, yana faɗowa daidai kan kiɗa. Kuma wallahi ko kalma ɗaya bai ƙara ba. Na kasa kunne ina neman inda aka yi mini ƙarya, ban samu ba. Baitin tuban Nasiru yana can ƙarshe, amma ba a kai gare shi ba. Uwar yarinyar ta miƙa hannu ta kashe.

Akuyar gidan, wadda ke ɗaure da igiya mai tsawo a gindin bishiyar, ita kaɗai ta yi magana.

Alhaji Mamman ya ce, "Zainabu, kin ji. Mi kika ce?"

Ta gyara lulluɓi. Ba ta ɗaga murya ba. "Baba, da niyyar haƙura na fito. Na ce ƙuruciya ce da neman suna, in ya girma zai bari." Sai ta juyo gare ni. "Na gode da ka taso tun daga Zariya. Ka nuna mini yadda zai zama in ya yi furfura."

Na buɗe baki in ce a yi haƙuri, kalmar ta ƙi fitowa. Nasiru ya ce, "Zainabu, ki ji ƙarshen, don Allah ki ji ƙarshen." Ta ce, "Ƙarshen na ji yanzu." Ta tashi ta shiga ciki. Kafin magariba an dawo da akwatunan kayan sa-ranar zuwa gidan Rabi a bayan a-kori-kura. Nasiru ya zauna a kan ɗaya daga ciki, ya cire sarƙar yana juya ta a hannu. Rabi ta kawo mini tuwo kamar kullum, ta durƙusa ta ajiye, kuma wannan ladabin ya fi mari zafi.

Asabar da sassafe muka kamo hanya. A bakin iyaka ban ce wa kowa ya tsaya baya ba. Daga Jibiya har Katsina ba mu yi magana ba, sai dai na roƙi direba kada ya kunna komai, don Isufu ya riga ya tura wa abokansa, kuma an ce tawa ta fara bin ta Nasiru a tasha. Amma kun san hali. Muna wuce Funtuwa, na ji iskar gida, sai bakina ya fara dawowa. Na ce 'yan matan yanzu ba su da haƙuri ko kaɗan, magana ɗaya sai a kwashe akwati. Hajiya tana ɓare gyaɗa. Na ƙara matsawa.

"Ke ba ga ki ba? Shekara arba'in da uku kina jin irin maganganun nan a bakina safe da yamma. Kin taɓa mayar da kaya?"

Ta hure ɓawon gyaɗar daga tafinta, ta zuba mini rabi a hannu.

"Malam, ni ai ba wanda ya kunna mini kai a lasifika kafin a ɗaura."